Tablon wutar gidan surukaina na warin ƙuna, an ce firizana ne matsala

Assalamu alaikum Kawu. Dan Allah ka sakaya sunana. Ni matar aure ce a Garwa, yarana uku, muna zaune a gidan surukaina, babban gida ne mai sasa huɗu. Baban mijina ne ya gina shi a 1986 kuma wutar da aka ja tun lokacin ita ce har yau, tablon, wato allon da ke rarraba wutar gidan, yana zaure, katako ne da fizibil, wato fis mai yanke wuta in kaya sun yi yawa, irin na tangaran guda uku. Ina sana'ar ƙanƙara da folere, wato zoɓo, firizana biyu. Bara wan mijina ya sa kilim, na'urar sanyaya ɗaki, a ɗakinsa sai aka je aka ƙara ƙarfin konta, wato mitar wuta, zuwa amper 30, daga nan fizibil ya dinga ƙonewa kusan kullum, sai wani tsohon abokin Baba da yake mana gyara ya cire siririyar wayar ciki ya naɗa mai kauri, tun ranar bai sake yankewa ba kowa na ta sa masa albarka. Amma ni in na bi ta zaure da rana ina jin wani wari kamar na kifi ko roba, bangon wurin ya yi baƙi-baƙi, in kilim ya tashi ƙwan ɗakina sai ya dushe. Piriz ɗin, wato soket ɗin bango, da firizana ke ciki ya narke ta gefe. Satin da ya wuce ɗana ɗan shekara 4 ya taɓa firiza ɗaya, ƙafarsa da lema, ya ƙwalla ƙara ya ce wani abu ya cije shi.

Na matsa wa mijina ya kawo wani yaro mai aikin wuta, ya duba ya ce sai an canza tablon gaba ɗaya da wasu wayoyi, ya yi lissafin sefa dubu 260. Da Baba ya ji ya yi faɗa, ya ce shekara kusan 40 gidansa bai taɓa gobara ba, yaran zamani cin kuɗi kawai suka iya, kuma Allah ne mai tsarewa. Facalata ta ce ai ni na jawo, in fitar da firizana kowa ya huta. Mijina direba ne a hanyar Ngaundere, ba ya iya musu da Baba, ya ce in yi haƙuri. Ni kuma da ƙanƙarar nan nake biyan kuɗin makarantar yara. Wallahi ba na barci. Da gaske lokacin canza tablon ya yi ko yaron ne ke son cin kuɗinmu? In ya yi, ya zan yi ba tare da an ce na raina surukina ba?

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ƙara wa yaron lafiya, ya tsare gaba. Bari in fara da shi tun kafin maganar tablo da Baba da kowa: firizan da ya ja shi, ki zare shi daga wuta yau, yanzu ma in kina kusa da shi, kar ki jira asuba kar ki jira mijinki ya dawo daga hanya. Na san akwai ƙanƙara a ciki, na san kuɗi ne, ki kwashe ki tura cikin ɗayan ko ki roƙi maƙwabciya ta ajiye miki. Firizan da ya ciji mutum wuta ce ke zuba a jikin ƙarfensa, kuma tunda da alama gidanku ba a kafa masa wayar ƙasa mai janye irin wannan wutar ba, wutar ba ta da hanyar wucewa sai jikin wanda ya taɓa. Ɗanki ya tsira ne don hannunsa ya fizge da wuri. Sa silifa ko ɗora firizan a kan katako ba magani ba ne, yaro ɗan shekara 4 ba zai tuna da silifa ba in yana jin ƙishi. Ki kira mai gyaran firiji ya gwada shi, sau da yawa waya ce ta goge a baya ko kwampireso, wato injin firizan, ya fara zubar da wuta. In kuma kin ga yaron na kukan ƙirji ko akwai ƙuna a yatsa ko tafin ƙafa, ki kai shi asibiti a duba ko da an kwana biyu.

Toh amsar tambayarki ta farko, eh lokaci ya yi, ya ma ɗan wuce. Yaron nan ban san shi ba, ban san ko dubu 260 ɗinsa daidai ne ko ya ɗora nasa a kai ba, za mu zo nan, amma a kan cewa a canza bai yi ƙarya ba. Kuma ba don tablon ya tsufa nake faɗi ba. Na yi shekaru ina wannan aikin kafin gwiwa ta hana ni hawa tsani, na ga tablon zamanin SONEL, tsohon kamfanin wuta na ƙasa, da har yau lafiyarsa ƙalau saboda gidan tsohuwa ce ita kaɗai da ƙwai uku da rediyo. Shekaru kaɗai ba sa yanke hukunci. Abin da ya tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne wurin da kika ce tun ranar bai sake yankewa ba, kowa na sa albarka. Wannan shirun shi ne abin tsoro a gidanku.

Kin ga fizibil, aikinsa ɗaya ne tak a duniya, ya mutu kafin wayar cikin bango ta mutu. Da gangan aka yi wayar cikinsa siririya don in kaya sun yi yawa ita ta fara narkewa, wuta ta yanke, a yi tsaki a yi duhu amma gida na nan. Lokacin da yake ƙonewa kullum aikinsa yake yi, yana gaya muku kaya sun fi ƙarfin waya. Da aka naɗa masa tagulla mai kauri ba a rage kaya ba, ba a ƙara kaurin wayar bango ba, mai gadi kawai aka ɗaure wa baki. Yanzu in zafi ya taru dole ya nemi wani wuri mafi rauni, kuma wurin yana cikin bango ko saman silin inda ba mai gani.

Bari in miki lissafi irin na kasuwa. Wutarmu volt 220 ce. Ki ninka da amper sai ya ba ki yawan kayan da za a iya ɗorawa, amper 10 wat 2200 kenan, amper 30 kuma wat 6600. A 1986, 'yan shekaru kaɗan da fara samun wutar dam ɗin Lagdo, me ke gidan Baba? Ƙwai, fanka biyu ko uku, rediyo, ƙila talabijin ɗaya da ake fitowa da ita tsakar gida. Duk a haɗa da ƙyar su kai wat 1000. Wayar da aka saba ja wa irin wannan gida ita ce siririyar nan da aka rubuta 1,5 a jikinta, wadda iyakar abin da ake yarda ta ɗauka amper 16 ne. Yau fa? Dutsen guga ɗaya ya wuce wat 1000, hitar dafa ruwa da ake tsomawa a bokiti ita ma haka ko fiye, kilim ƙarami wajen 900 zuwa 1200, fanka kowace ɗaya wajen 60 kuma na tabbata sun fi shida a sasa huɗu, ga firizanki biyu waɗanda in suna tafiya ba su da ci sosai, 150 zuwa 200 kowanne, amma lokacin da kwampireso zai tashi yana fizgar ninkin haka sau da yawa na ɗan lokaci. Da aka ƙara ƙarfin konta an faɗaɗa ƙofar gida ne, amma lungun da kaya za su bi yana nan yadda yake. Kuma zafin waya ba a hankali yake hawa ba, in wutar da ke bi ta ninka biyu zafin sau huɗu yake ninkawa.

Warin da kike ji kuma hancinki bai yaudare ki ba. Robar waya da baƙar robar tsofaffin kayan wuta in sun gasu warin kifi suke yi, mutane da yawa sai su yi ta neman mushen ɓera. Na taɓa shiga wani gida aka ce min wai kyanwa ce ta mutu a silin, na buɗe murfin tablo na tarar da ƙusa an cusa a madadin fizibil, ƙusar ta yi shuɗi don zafi, ga tsaka ta gasu ta manne a jikin tangaran, na ɗan taɓa robar waya da sukurdireba sai ta ruguje min kamar ƙuli-ƙuli, tagulla tsirara a kan katako busasshe. Maigidan yana tsaye bayana yana cewa ai shekara biyu kenan ba su da matsala. Baƙin bango, wari, piriz da ya narke, fizibil da aka yi wa dabara, ƙarfe da ke jan mutum, ko wanne ɗaya a cikin waɗannan ya isa a kira mai gyara a satin. Ke kin jero su duka a wasiƙa ɗaya.

Dushewar ƙwai ce kaɗai zan ce a yi mata adalci. Wani lokaci daga layin unguwa ne, wuta ta zo da rauni musamman da magariba. Ki tambayi maƙwabta, in su ma nasu na yi a lokaci guda to ba laifin tablonku ba ne. In kuwa ku kaɗai ne kuma daidai tashin kilim yake yi har ƙwan ya koma ja, to waya ta yi siriri ko wani sukuru ya saki a tablon, kuma sukurun da ya saki shi ne uban zafi.

Ga kuma lokacin da muke shiga. Kin fi ni sanin Garwa a watan Maris da Afrilu, zafi ya haura 40, ƙarƙashin kwano kuwa ba a magana, waya tun kafin a ɗora mata komai ta riga ta gasu. Lokacin ne kowa ke kunna duk abin da ya mallaka, lokacin ne ruwan Lagdo ke ja baya ana yawan ɗauke wuta, kuma in an dawo da ita ƙarfe biyu na dare komai tare yake tashi, kilim da firiza biyu da fankoki da dutsen gugar da wata ta manta a jone, kowa na barci. Don haka tun daga daren yau, ba sai kin nemi izinin kowa ba, in an ɗauke wuta ki zare naki, in an dawo ki bari a yi minti biyar kafin ki mayar, wannan ma ya fi wa kwampireso lafiya. Piriz ɗin da ya narke kar a sake soka komai a ciki. Kar firiza ya zauna a kan ralonjin nan, wato wayar ƙari mai baki biyar ta kasuwa. In akwai tabarma ko katifa ko kwali ko jarkar mai ta babur a zaure kusa da tablon, ki sa yara su kwashe da sunan shara, ba wanda zai ce kin yi rashin kunya don kin share zaure. Ki ajiye bokitin yashi a lungu. Ki tabbata kowane babba a gidan ya san inda babban disjonkta, wato makunnin da ke yanke wutar gida duka, yake kusa da konta, in Allah ya kiyaye abu ya kama shi ake fara kashewa, ba a watsa wa wutar lantarki ruwa, sannan a kira 'yan kwana-kwana a 118.

Yanzu maganar mutane, wadda na san ita ta fi hana ki barci. Zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba, facalarki ba ta yi ƙarya duka ba. Firizanki na cikin kayan, dare da rana suke aiki, kuma wanda ya ja yaron naki ne. Inda ta kauce shi ne ko kin fitar da su gobe, kilim ɗin mijinta shi kaɗai ya fi su biyun ci, kuma tagullar da aka naɗa tana nan. Amma kar ki je ki yi mata wannan lissafin a tsakar gida, daga ranar maganar ta tashi daga wuta ta koma ta kishin sauri, ba kuma za a gyara komai ba. Ki karɓi naki kason da bakinki tun kafin a ɗora miki. Mace in ta ce "ni ma kayana na ciki, ga abin da zan iya bayarwa" ta rufe bakin mai cewa ita ta jawo. Kuma ita ma uwa ce, 'ya'yanta ta zauren nan suke wucewa. Ki same ta ita kaɗai, ki ba ta labarin abin da ya sami ɗanki yadda ya faru, ki kai ta ta shaƙi warin da hancinta.

Baba kuwa, ki yi ƙoƙari ki ji abin da kunnensa ya ji. Mutum ya gina gida da guminsa, ya ja wuta lokacin da ba kowa ke da ita a unguwa ba, sai ga yaro sa'an jikansa ya shigo masa zaure ya ce a tumɓuke komai, ga takardar dubu 260, kuma a fakaice an ce amininsa na shekaru ya yi aikin banza. Ko ni ne sai na yi faɗa. Ba kuɗin kaɗai ya ƙi ba, an zo masa ta inda ba a zuwa wa dattijo. Maganarsa ta shekara 40 ba gobara gaskiya ce, kuma ita ce ma ƙofar shiga. A ce masa Baba aikin da ka sa aka yi mai kyau ne shi ya sa ya kai yau, mu ne muka yi masa yawa, gidan da aka ja wa wuta don mutum takwas yanzu mutum nawa ne a ciki. Ba ƙarya a ciki, kuma ba a taɓa girmansa ba.

Ke ba ke za ki faɗa ba, kin sani na sani. Surukuwa ba ta tsayawa gaban suruki da lissafin amper. Ki bi ta wajen Hajiya, uwar mijinki, in tana raye, tsofaffin mata sun san sa'ar da ake yi wa mazansu magana, ko gwaggon mijinki, ko wani aminin Baba da suke zaman majalisa bayan la'asar. Ki cire piriz ɗin da ya narke, wato ki sa mai gyara ya cire, ki sa a faranti ki kai wa Hajiya ba tare da dogon bayani ba, ki ce ga abin da aka ciro a ɗakin jikokinta. Abin da ido ya gani ya fi wa'azi. Batun Allah ne mai tsarewa kuma, haka ne, ba mai musu, amma Baba ya fi ni da ke sanin hadisin da aka ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, da wanda aka hana barin wuta a gida in za a kwanta. In liman ko amininsa ya tuna masa zai karɓa da murmushi. Daga bakinki ko na mijinki zai zama gori.

Tsohon mai gyaran nan kuma kar a yar da shi. Abin da ya yi kuskure ne babba, ba zan ɓoye ba, amma na san yadda ake yinsa, an kira ka sau goma a wata, ba wanda ke son kashe kuɗi, ana ce maka dan Allah yi mana dabara, sai ka yi. Ina kyautata zaton shi kansa ya san abin da ya naɗa ba na zama ba ne. Mijinki ya je har gida ya gaishe shi, ya ce Baba ba ya jin maganar kowa a kan wuta sai taka, zo ka duba mana wannan warin. In shi ya buɗe murfin ya ce Alhaji abin nan ya gaji, magana ta ƙare a ranar. A bar shi ya tsaya a kan aikin a matsayin babba, yaro ya yi hawa da sauka, a ba shi ɗan goronsa. Shi ne ma ya san inda wayoyin suka bi a bango.

Mijinki, ki daina tambayarsa ya yi musu da mahaifinsa, ba zai yi ba kuma ban ga laifinsa ba. Ki ba shi aikin da zai iya: ya je wajen tsohon, ya zauna da wansa su biyu, ya samo mutum na biyu ya yi lissafi. Amma ki gaya masa a fili, cikin ladabi, cewa haƙuri ana yinsa da halin mutane ne, waya mai zafi ba ta san haƙuri ba, kuma shi yana Ngaundere ke ce ke kwana da yara uku a ɗakin.

Kuɗi. Kar ku karɓi lissafin baki. Kowane mai aiki ya rubuta a takarda, kaya daban kuɗin hannu daban, abu-abu da adadinsa, ku samu biyu ko uku ku gwada. Abin da za ki nema a takardar ba shi da yawa. Akwati mai murfi na roba a madadin katako. Disjonkta ƙanana, kowane sashe da nasa, na ƙwai daban na piriz daban, don in abu ya faru a ɗaki ɗaya kar gida duka ya yi duhu. Girman disjonkta kuma kaurin waya yake bi ba son ran mai gida ba, waya 1,5 amper 10 ko 16, waya 2,5 ta piriz amper 16 ko 20, duk wanda ya ce zai sa muku 32 a kan siririyar waya don kar ya dinga faɗuwa, tagullar nan ce ya dawo muku da ita cikin sabuwar riga. Kilim da layinsa shi kaɗai tun daga tablo, firiza ma haka. Sai abu biyu da in babu su ban yarda an yi aiki ba: diferansiyel wanda aka rubuta 30 mA a jikinsa, da sandar ƙasa. Diferansiyel shi ne mai lura da wutar da ta ɓace hanya, da ta fara bi ta jikin mutum yake yankewa kafin ƙiftawar ido, babban disjonktan wajen konta ba don wannan aka yi shi ba. Yana da ɗan maɓalli mai harafin T, ana danna shi lokaci-lokaci a ga ya faɗi. Sandar ƙasa kuma ƙarfe ne mai rufin tagulla da ake kafawa mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a haɗa da waya mai launin kore da rawaya har zuwa piriz. Ƙasarmu da rani ta bushe ƙayau, a kafa ta inda ke samun danshi, kuma mai aikin ya gwada da na'ura a gabanku, ba ya buga ya tafi ba.

Kayan kuma mijinki ya bi shi kanti su saya tare a karɓi rasit. Kasuwa cike take da jabu, za ki ga an rubuta Legrand ko Schneider a jiki amma ki ɗaga ki ji shi sakayau kamar fankon ashana, irin wannan ba ya faɗuwa ranar da ake buƙata. Waya ma akwai wadda in an kankare jan sai fari ya fito, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, akwai kuma wadda roba ce ta yi kauri cikin kamar gashi. Araha ba ta ado a nan. Konta da hatimin da ke jikinta kuwa na kamfanin wuta ne, kar wani ya taɓa, in aikin na buƙatar a yanke daga can a je ofis a nema, in ba haka ba tara ce za ta hau kanku.

Wani abu da nake so ki sani tun yanzu don kar ya zama abin gori: in aka sa diferansiyel a kan tsofaffin wayoyi, yana iya yin ta faɗuwa a kwanakin farko. Ranar za ki ji an ce ga shi nan, da muna zaune lafiya. Ba lalacewa ya yi ba, ya gano inda wuta ke zuba ne, a bi layi-layi a samo wurin a canza wayar. Kar a yarda kowa ya tsallake shi.

Ba dole a yi duka rana ɗaya ba. Tablo da diferansiyel da sandar ƙasa da layin kilim da na firiza su ne na gaba, sauran ɗakuna a bi su ɗaya bayan ɗaya yadda aljihu ya ba da dama, ana farawa da inda robar waya ta fi ruɓewa. Rabon kuɗin kuma a bi nauyin kaya, mai kilim da mai firiza su ɗauki babban kaso, sauran su kawo abin da ya sauƙaƙa, Baba kar a nemi ko dala a hannunsa, a nemi izininsa da albarkarsa kawai. In kina adashe ki roƙi a ba ki ɗauka na kusa.

In kuma an yi duk wannan Baba ya kafe, to ba ki rasa hanya ba. Ki nemi izini, ta bakin mijinki, a ja wa sashenku layi sabo da waya mai kauri tun daga bayan babban disjonkta, a sa muku ƙaramin akwati a ɗakinku da diferansiyel ɗinku da disjonkta biyu ko uku da sandar ƙasarku. Ba a taɓa tablon Baba ba, kuɗin bai kai rabin wancan ba a mafi yawan lokuta, kayanki sun sauka daga kan tsohuwar waya, facalarki ta rasa abin faɗa. A faɗa masa da sunan ana so a rage wa gida nauyin firiza, wanda kuma gaskiya ne. Ko ku nemi konta taku daban, ya fi tsada da jira amma yana kashe rigimar kuɗin wuta har abada. Sai dai ki sani wannan ya kare yaranki daga jan wuta ne, bai kare zaure daga gobara ba, kuma zauren nan ne ƙofar fitarku. Don haka ko an yi miki naki, tagullar da ke cikin fizibil ɗin nan sai ta fita, ko da a mayar da siririyar waya irin ta asali ne a koma ana tsaki ana canzawa, a kuma yi yarjejeniya ba guga ba hita in kilim na aiki. In har wannan ma an ƙi, ki kai firizan gidanku ko shagon wata da kika yarda da ita, ki kuma duba da kyau ko sashenku na da wata hanyar fita ban da zaure, in babu mijinki ya san yadda zai yi a samu.

Ki rubuto min bayan tsohon ya buɗe murfin, ina son jin abin da ya ce da abin da aka tarar a ciki. Ki turo da hoton takardun lissafin ma in duba miki ko an cusa abin da ba a buƙata. Ki shafa min kan yaron.